Fari, ja ko rawaya: wane diragon ya dace ku saya?

Yawancin masu cewa ɗan itacen nan diragon (dragon fruit) kyan ido ne kawai, babu ɗanɗano, tun a wurin saye suka yi kuskure. Mangwaro, ayaba da gwanda ana iya sayo su da sauran tauri, a ajiye kwana biyu ko uku su nuna. Diragon ba haka yake ba: ranar da aka tsinke shi, ranar zaƙinsa ya tsaya. Yana iya yin laushi a gida, amma sukarinsa ba ya ƙaruwa. Masu fitar da shi zuwa ƙasashe masu nisa kuma sukan tsinke shi da wuri don ya jure tafiya, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake gani a manyan kantuna suke fitowa salam.

Sunansa na asali pitaya. Dangin murtsunguwa ne mai yaɗo, daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. Faransawa ne suka kai shi Biyetnam a ƙarni na 19, yau kuma ita ce kan gaba wajen fitar da shi zuwa kasuwannin duniya. Iri uku ne suka fi yawo a kasuwa.

Mai jan ɓawo da farin ciki shi ya fi yawa, shi ya fi araha, kuma yakan fi girma, daga giram 300 zuwa 600. Ɗanɗanonsa mai sanyi ne, tsakanin kokwamba da kankanar da ba ta gama nuna ba, da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi kamar riɗi waɗanda ake ci tare da tsokar. Yana kashe ƙishi, yana yankuwa tsaf ba tare da ya rugurguje ba, ba ya ɓata tufa. Don haɗin 'ya'yan itatuwa da abarba da gwanda, shi ne daidai. Wanda yake son ya ci shi kaɗai da cokali kuwa, zai buƙaci matsin lemon tsami ko ɗigon zuma.

Mai jan ɓawo da jan ciki ya ɗan fi zaƙi, ya fi ruwa da laushi. Launinsa kamar na zoɓo mai kauri, daga sinadarin betalen yake fitowa, wanda ke cikin jan tushen nan da ake kira bitirut. Rabin diragon ɗaya ya isa ya rina kofi biyu na kindirmo ko yogot. Wannan launin kuma shi ne matsalarsa: yana kama yatsu, katakon yanka da farar riga, kuma idan aka zuba shi a kwano ɗaya da abarba, kafin a kai gaban baƙi duk sun rine. Bayan an ci da yawa, fitsari ko bahaya na iya yin ja na kwana ɗaya ko biyu. Launin ne ke fita, ba jini ba ne. Idan ya wuce haka, ko yana tafe da ciwo, a je asibiti.

Wahalar ita ce fari da ja kusan riga ɗaya suke sawa. Mai jan ciki yakan fi zama kewayayye, ɓawonsa ya fi duhu, kunnuwan jikinsa, wato 'yan ganyayen da ke fitowa a ɓawon, gajeru kuma sun fi yawa. Mai farin ciki yakan yi ɗan tsawo kamar ƙwai, da dogayen kunnuwa masu koren baki. Wannan alama tana taimakawa, amma takan ci amana, don haka a karanta takardar da ke manne a jiki ko a kwali, ko a tambayi mai kanti.

Na ukun shi ne mai rawayan ɓawo, wanda Ikwado da Kolombiya suka shahara da nomansa. Ƙarami ne, jikinsa gudaji-gudaji, cikinsa fari mai sheƙi, ƙwayoyinsa sun fi girma. A zaƙi ya yi wa sauran nisa: a ma'aunin sukari da manoma ke amfani da shi yakan kai 18 ko fiye, yayin da fari yakan tsaya tsakanin 10 da 14. Tsadarsa tana da dalili. Mai jan ɓawo kimanin kwana 30 yake yi daga fure zuwa girbi, shi kuwa wannan sai ya kwashe wata huɗu ko fiye a jikin uwa, kuma yana da ƙayoyi da ake gogewa kafin a sa shi a kwali. A duba shi da kyau kafin a damƙe, domin wani lokaci ana barin ƙaya ɗaya ko biyu. Wani abin lura kuma, yana sakin ciki sosai. Wanda bai saba ba ya fara da rabi, kada ya haɗiye biyu a zama ɗaya sannan ya kama hanyar tafiya. Duk da haka, ga mai son ya ɗanɗana diragon karon farko, wannan ne ya cancanci kuɗinsa.

Ko wanne kuka zaɓa, ku ɗauke shi a hannu. Ya zama yana da nauyi fiye da yadda ido ya zata. Ku danna da babban yatsa a hankali: ya ɗan lotsa kamar nunanniyar fiya. Mai tauri kamar dankali an tsinke shi da wuri. Wanda yatsa ke nutsewa a ciki ya wuce, cikinsa ya fara komawa ruwan ƙasa. Bakin kunnuwa ya ɗan fara bushewa ba laifi ba ne, amma idan duk sun ƙeƙashe, ɓawo ya yamutse, ko gindi ya jiƙe yana da fumfuna, a bar shi. Koren da ya rage a jikin ɓawo alamar ɗanye ce.

Yankansa ba ya ɗaukar minti uku. A wanke ɓawon da ruwa mai tsabta ko da ba a cin sa, saboda wuƙa tana kwasar dattin waje ta shigar ciki. A kwantar da shi, a raba biyu a tsaye daga kai zuwa gindi. Daga nan hanya biyu ce. Ko a zura cokali tsakanin tsoka da ɓawo a zagaya, tsokar ta fito dunƙule, ko a sake raba kowane ɓari biyu a ja ɓawon da yatsa. Idan ya nuna, yana saɓulewa kamar na ayaba. Idan yana maƙalewa yana yagewa, bai nuna ba. A kankare ja-jan da ya rage a jikin farar tsoka, don yana da ɗan ɗaci. A yanka gutsi-gutsi kamar santimita 2, da wuƙa mai kaifi, domin dakusasshiya matse shi take yi ruwan ya tsiyaye. Tsakiyar ta fi gefe zaƙi, saboda haka yanka a tsaye kamar na kankana ya fi raba daɗin daidai tsakanin masu ci. Ga mai jan ciki, a yanka a kan faranti maimakon katako, a wanke wuƙa da hannu nan take. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ɓawo ne, a sa wannan a lissafi idan ana saye da kilo.

Wanda ba a yanka ba yana kwana biyu ko uku a ɗaki mai iska, ƙasa da haka a lokacin zafi. Sanyin da ya fi dacewa da mai jan ɓawo wajen digiri 10 ne, inda yake kaiwa kusan mako biyu. Firij na gida ya fi haka sanyi, shi ya sa idan ya daɗe ɓawon ke duhu, tsokar ta yi ruwa-ruwa. A sa shi a leda a aljihun ganye na ƙasa, a cinye cikin mako ɗaya. Yankakke kuwa a rufe shi a mazubi mai murfi, domin yana shan warin albasa da kifi, kuma kada ya wuce kwana biyu.

Idan don markaɗawa kawai ake so, daskararren jan diragon na leda ya wadatar, matuƙar wuta ba ta yi ta ɗaukewa har ya narke ya sake daskarewa ba. Idan gutsattsarin sun manne sun zama dunƙule ɗaya, hakan ta faru. Garinsa kuma launi kawai yake bayarwa, ƙaramin cokali ɗaya a kofin madara.