Wace manhaja za ka ɗora wa wasiƙar labarai ta kasuwancinka?

Mai shirin fara aika wa abokan cinikinsa wasiƙar labarai ta imel yakan ɓata makonni a kan launi da tambari, alhali abin da zai fi ba shi ciwon kai nan gaba shi ne manhajar da zai riƙa tura wasiƙar da ita. Gmail ɗinka na yau da kullum ba zai ɗauki wannan aiki ba. Asusun kyauta yana tsayawa ne a saƙo 500 a rana, kuma babu inda mai karatu zai danna ya cire kansa idan ya gaji.

Ni dai Brevo nake so, ba kuma zan ɓoye ba. Kamfanin Faransa ne, da can sunansa Sendinblue, a 2023 ya koma Brevo. Abin da ya ja ni gare shi shi ne yadda yake lissafi. Yawancin takwarorinsa suna cajin ka ne bisa yawan mutanen da ke cikin jerinka, ko ka tura musu saƙo ko ba ka tura ba. Shi kuwa tsarinsa ya fi karkata ga yawan saƙon da ya fita. Ga ɗan kasuwar da ke fitar da wasiƙa sau ɗaya ko sau biyu a wata, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Tsarinsa na kyauta yana ba ka saƙo 300 a rana, wanda ya ishi mai farawa ya gane ko yana da abin faɗa kowane wata kafin ya sa hannu a aljihu. Daga asusu ɗaya kuma za ka iya tura rasit da saƙon tabbatar da oda, har da tes da saƙon WhatsApp, ba sai ka rarraba bayanan abokan cinikinka wuri uku ba. Samfuran wasiƙarsa ba su kai na wasu ƙyalƙyali ba, amma wannan bai taɓa damuna ba, domin wasiƙar da ta fi kawo min ciniki ita ce mai magana ɗaya, hoto ɗaya, da wurin dannawa ɗaya.

Mailchimp ya fi kowa suna, tun 2001 yake, kamfanin Intuit ya saye shi a 2021, sai dai kuɗinsa yana hawa ne da yawan mutanenka. Substack na marubucin da ke sayar da rubutunsa ne, yana cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin masu biya, bai dace da mai sayar da kaya ba. Kit da beehiiv ma can suka fi karkata. MailerLite yana da sauƙin koyo, shi ne zaɓina na biyu.

Kowace ka ɗauka, ka fara duba abu ɗaya: za ka iya sauke jerin mutanenka gaba ɗaya a fayil ɗin CSV, wato fayil na jeri da za ka iya lodawa a wata manhajar, duk ranar da ka so? Jerin nan shi ne jarinka, manhaja haya ce kawai. Sannan ka duba ko tana taimaka maka saita SPF da DKIM da DMARC a kan adireshin kamfaninka. Su ne shaidar da ke nuna wa Gmail cewa daga gare ka saƙon ya fito. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su a kan masu tura saƙo da yawa, suka kuma ce a sa hanyar ficewa da dannawa ɗaya, kada ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin 100. Wato mutum uku cikin dubu su ce saƙonka shara ne, ka shiga matsala.

A nan ne na taɓa ƙonewa. Ina farkon farawa, jerina bai taka kara ya karya ba, sai wani ya tallata min adireshi dubbai, wai duk masu sha'awar irin kayana ne. Na biya, na loda, na tura. Kafin gari ya waye saƙonni sun yi ta dawowa, kamfanin da nake amfani da shi a lokacin ya dakatar da asusuna, kuma da gaskiyarsa. Abin da ya fi min zafi shi ne mutanen da suka ba ni adireshinsu da hannunsu, su ma wasiƙata ta koma faɗawa akwatin shararsu. Na yi watanni kafin sunan adireshina ya wanku. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Jerin da ake sayarwa cike yake da matattun adireshi, da waɗanda aka kwaso daga intanet ba da sanin masu su ba, da kuma na tarko, waɗanda masu yaƙi da saƙon shara ke ajiyewa musamman don kama mai turawa ba izini. Mai sayarwa zai rantse maka an tantance su. Tambaye shi yaushe mutanen suka yarda kai ɗin nan ka rubuto musu. Ba zai iya amsawa ba. Idan kuma akwai mazauna Tarayyar Turai a ciki, dokarsu ta kare bayanan mutane, GDPR, da ta fara aiki a Mayun 2018 tana iya hawa kanka.

Akwai kuma masu yi maka alkawarin cewa kaso kaza na mutane za su buɗe wasiƙarka. Tun 2021 da Apple ta fito da tsarin kare sirrin masu amfani da manhajar imel ɗinta, saƙo yana iya nuna an buɗe shi alhali ba wanda ya kalle shi, don haka wannan adadi ya daina zama abin dogaro. Ka lura da waɗanda suka danna, da waɗanda suka amsa, da waɗanda suka saya.

Sai wanda zai ce bari ya buɗe maka asusu ya riƙa kula maka da shi. Ba laifi ka ɗauki mai taimako, amma asusun ya kasance da sunanka da imel ɗinka, shi a ba shi izinin shiga kawai. In ba haka ba, ranar da kuka saɓa zai tafi da jerin. Ka kuma yi hattara da saƙon da zai zo da tambarin manhajarka yana cewa an rufe asusunka, ka danna nan ka shiga. Ɓarayin jeri ne. Rufe saƙon, ka buɗe shafin kamfanin da kanka, ka kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lambar shaida bayan kalmar sirri, tun ranar farko.

Kafin ka biya kowa, buɗe asusun kyauta a biyu daga cikinsu, ka tura wasiƙa iri ɗaya zuwa adireshinka na Gmail da Yahoo da Outlook, ka duba a waya inda kowace ta sauka.