Atenuweta ko ƙaramin amf, wanne ya fi wa mai zaman gidan haya?

Ɗan'uwa ka ce amf ɗinka (na'urar ƙara sautin gita) mai tub ne (kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sautin a ciki) na wat 40, in ka ƙure shi maƙwabta a Tudun Wada su zo buga ƙofa, in ka rage kuma gitar ta koma siririya ba armashi, shi ne kake tambaya ka sayi atenuweta ko ƙaramin amf.

Atenuweta ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin amf da sifika, amf ɗin na aiki da ƙarfinsa atenuwetan kuma ya shanye yawancin wutar ya mai da ita zafi, kaɗan ce ke isa sifika, shi ya sa gurnanin nan mai ɗumi da tub ke yi in an matsa masa bai ɓacewa. Amma fa sai ka duba om, wato ma'aunin turjiyar wuta, in amf ɗinka om 8 ne atenuwetan ma ya zama 8, kuma wat ɗin da yake iya ɗauka ya haura na amf ɗin. Don Allah kar ka taɓa kunna mai tub ba sifika ba lodi (abin da zai shanye wutar, kamar atenuweta) a jiki, taransifomar ciki ce za ta ƙone kuma gyaranta ba arha. Sannan tub ɗin na ci gaba da cinyewa kamar kana wasa a coci, in ka shaƙe amf ɗin da atenuweta da yawa kuma sautin sai ya dishe.

Ƙaramin amf kuwa nan mutane ke ruɗuwa, sai wat ya ragu ninki goma kafin kunne ya ji ƙara ta ragu rabi, wato wat 5 rabin ƙarar wat 50 ne kawai, ka ƙure shi har bayan katanga za a ji. Shi ya sa in na ce ƙarami, na dijital nake nufi irin Boss Katana 50, yana da maɓallin da ke sauke shi zuwa wat 0.5, ga ramin hedfon na dare, inbata ma na ɗaukarsa ba wahala in an ɗauke wuta.

Ni dai in ɗaki ɗaya ne da bango ɗaya da maƙwabci, na dijital zan ce ka saya, babban ka ajiye shi don fita wasa. Atenuweta sai in rikodin kake yi kuma wannan sautin tub ɗin ne lallai kake so.

Yau ma ka ɗaga amf ɗin daga kan tayil ka ɗora a kujera ya fuskanci kunnenka, ka ɗan ƙara bes saboda kunne bai kama bes sosai in ƙara ta yi ƙasa.