Ina za ka samo mawaƙan hip-hop irin gwaninka?

Idan ka haddace baitocin DJ AB ko B.O.C Madaki har sun fara gundurar ka, manhajar da za ta fi nemo maka irinsu ita ce Audiomack. An kafa ta a Amurka a 2012, kuma abin da ya sa yaran Arewa suka rungume ta shi ne mawaƙi yana ɗora waƙarsa da kansa kyauta, ba sai ya bi ta hannun kamfani ba. Yaron da ya yi rikodin a ɗan sutudiyo a Ƙofar Ƙaura yau, gobe waƙarsa tana can.

Kada ka tsaya jiran manhajar ta zaɓa maka. Buɗe shafin gwanin naka ka duba abu uku: waɗanda ya gayyata cikin waƙoƙinsa, sunan furodusan da ya haɗa kiɗan, da waƙoƙin wasu da ya sake yaɗawa a shafinsa. Furodusan ya fi muhimmanci, don sau da yawa kiɗan ne ya kama ka kana zaton baitin ne. Daga DJ AB za ka faɗa kan Feezy da sauran 'yan YNS, ƙungiyar mawaƙan hip-hop ta Kaduna. Daga B.O.C za ka shiga salon Bauchi, inda Classiq ma ya fito. Waƙoƙi da yawa kana iya ajiye su cikin manhajar ka saurara ba data, waƙar minti 3 kuwa ba ta wuce kusan 3MB a inganci matsakaici.

Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, ya iya jero mawaƙa masu kama da juna, amma da mawaƙin Hausa sai ya yi ta jan ka Legas. Boomplay yana zuwa a cikin Tecno da Infinix da itel, wannan ne babban amfaninsa. YouTube cin data ne, sai dai nan za ka fi samun 'yan Nijar masu gauraya Hausa da Faransanci. TikTok kuwa ɗan guntun waƙar zai ba ka, daga nan sai rawa.

Inda ake cutar mutane shi ne shafukan bogi. Wani zai ɗauki hoton mawaƙi da sunansa ya ƙara harafi ɗaya, ya ɗora tsohuwar waƙa da aka ƙara wa sauri ya ce sabuwa ce. Nemi alamar tantancewa kusa da sunan. Adadin sauraro ma sayensa ake yi: waƙa da sauraro dubu ɗari amma sharhi biyu, ka san an yi aringizo. Manhajar da ake turowa a WhatsApp wai an buɗe ta kyauta, kada ka saka ta, musamman a wayar da kake shiga asusun banki da ita.

Masu tura waƙa a kasuwa sun san abin da gari ke ji, amma ka je da memorinka. Akwai memorin bogi mai rubutun 64GB wanda cikinsa bai kai 8GB ba, yana cika sai waƙoƙin su ƙi buɗewa. Ka ce a kunna maka waƙar farko da ta ƙarshe kafin ka biya.