Sharhi kan taimar jinkiri da na sa wa firizojin ƙanƙara

Makunnin jinkiri, wanda masu aikin lantarki suke kira taima, ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, kuma aikinsa shi ne ya ƙirga lokacin da aka saita masa kafin ya haɗa wuta ko ya yanke ta. Na sayi nawa a Babbar Kasuwar Sakkwato domin firizojin da nake daskarar da ƙanƙara da su a Mabera, kuma bayan ya cinye bazara yana aiki, ina ganin ya cancanci kuɗinsa, muddin an zaɓi nau'in da ya dace da aikin.

Abin da ke kashe kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas domin firiza ta yi sanyi, a garinmu shi ne a ɗauke wuta a dawo da ita nan take, ko a juya daga janareta zuwa wutar gari cikin gaggawa. A wannan lokaci iskar gas ɗin da ke cikin bututu tana nan a matse a gefe guda, don haka idan kwamfaresa ta yi yunƙurin tashi sai ta kasa juyawa, ta ja wuta ninkin abin da ta saba, ta yi zafi, idan kuma hakan ya yawaita wayoyin cikinta su ƙone. Tana buƙatar hutun minti 3 zuwa 5 kafin matsin ya daidaita. Nau'in da ke yin wannan aiki shi ne mai jinkirta kunnawa: da zarar wuta ta iso ƙafafunsa biyu masu alamar A1 da A2 sai ya fara ƙirga, ba zai haɗa ƙafafunsa masu lamba 15 da 18, waɗanda ke sakin wuta, ba har sai lokacin ya cika, idan kuma aka sake ɗaukewa kafin nan sai ya koma farko. Kowace firiza da taimarta, kuma na saita su a lokuta mabambanta, ɗaya minti 3, ɗaya 4, ɗaya 5, domin kada su tashi tare su danne janareta, kuma wannan dabarar ta fi komai yi mini amfani.

Mai jinkirta kashewa akasin wannan ne, yana barin wuta ta ci gaba na ɗan lokaci bayan an kashe, kamar fankar da ke huce inji. Shi ba zai kare firiza ba ko kaɗan, alhali a ido kusan iri ɗaya suke, shi ya sa dole mai saye ya duba zanen da ke jikin akwatin. Akwai kuma mai kunnawa da kashewa a jere, wanda ya dace da famfon ban-ruwa, da wanda ake sa wa manyan injuna masu layin wuta uku domin rage yawan wutar da suke ja wajen tashi.

Wanda na saya yana da ayyuka da yawa a ciki, kuma a nan ne ƙorafina yake. Maɓallan saitinsa ƙanana ne ƙwarai, sai da bakin sukudireba ake juya su, rubutun kuma da ƙyar ake karanta shi, ga shi wurin zaɓen daƙiƙa da na minti suna manne da juna. Wanda aikinsa firiza ce kawai gara ya sayi mai aiki ɗaya, ya fi araha kuma babu ruɗani. Daidaiton lokacinsa kam ba ni da abin cewa, ko a zafin Afrilu da ma'auni ke haura digiri 40, ko da yake mai haɗa mini ya nisanta akwatin daga bayan firiza inda zafi ke taruwa.

Abu biyu ne bai kamata a yi sakaci da su ba. Taimar tawa amfiya 8 aka rubuta mata a matsayin iyakar wutar da za ta iya ɗauka, saboda haka ba ita ke ɗaukar nauyin kwamfaresa kai tsaye ba, kontakta take kunnawa, wato makunni mai jure wuta mai yawa, ita kuma kontakta ta ɗauki nauyin. Sannan a tabbatar an sayi mai karɓar wutar gida ta bolt 230, domin akwai na bolt 24 da ake sa wa allunan masana'antu, wanda zai ƙone da zarar an jona shi. Taima kuma ba ta maganin wuta mai rauni ko mai ƙarfi fiye da kima. Wannan aikin stabilaiza ne ko na'urar kare ƙarfin wuta, kuma ni na haɗa su biyun a allo ɗaya.