Wata takwas da wayar kamfanin layi: waya ce mai kyau amma an fige ta

Jama'a bari yau in amayar da abun da ke raina game da wayar nan da na karɓa a hannun kamfanin layi, wata takwas ke nan tana hannuna, ina ganin yanzu na isa in yi magana. Sunan kamfanin ba zan kira ba, don a wajena duk kanwar ja ce, abun da wannan ya yi wancan ma yana yi, sai dai wani ya fi wani rashin kunya.

Sauƙi ne ya ja ni tun farko. Biya kaɗan-kaɗan duk wata tare da kuɗin layi, ga ragi a kan farashin da masu ƙera ta suka sa. Ita wayar kanta kuwa ba ni da ta cewa, kyamara fes, batir yana kai ni dare, sikirin tangaran, ba ta zafi ko na daɗe ina kallo. Da a nan zancen ya tsaya wallahi tauraro biyar zan ba ta in kama gabana.

Ranar da na fara kunna ta sai ga tambarin kamfanin layin da ɗan kiɗansu, na ce to ba komai, ado ne. Ina shiga ciki na tarar da manhajoji jibge waɗanda ban nema ba, tasu ta saƙo, tasu ta ajiye hotuna, wasanni, har da wata wai ita mai ba da shawarar abun da zan sauke. Ka danna ka riƙe don ka goge, babu wajen gogewa, sai dai kashewa, wasu ma ko kashewar ba a yarda ba. Wannan ma na haɗiye.

Inda idona ya buɗe shi ne ranar da muka ajiye tawa da ta wani abokina gefe da gefe, iri ɗaya ce sak, har launi, shi dai kai tsaye ya saya daga masu ƙera ta. Ya shiga setin ɗin netwok ya zaɓi 4G zalla, ni na shiga wuri ɗaya na tarar babu zaɓin ma gaba ɗaya, an share shi kamar ba a taɓa yin sa ba. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda yake zaune inda 5G ke da rauni ya san yadda waya ke ta tsalle tsakanin biyun, data na yankewa batir na zuba, maganin kawai ka ɗaure ta a 4G, to ni an hana ni igiyar. Wajen APN, wato setin ɗin da ke haɗa waya da intanet ɗin kamfanin layi, ma haka, ina ganin rubutun amma ya yi fari-fari ba ya dannuwa. Sai hotsifot, shi yana dannawa ya kunnu nan take, ni kuwa sai ta ɗan yi juyi tukun, ashe tambaya take aikawa kamfanin ko tsarin da nake biya ya ba ni izinin raba data. Datar da na saya da kuɗina fa! Sai an duba takarduna kafin in ba kwamfutata ta sha.

Abun da mutane ba su gane ba, ƙarfen ɗaya ne, manhajar da ke tuƙa wayar ce daban. Kamfanin layi da ke sayen waya jibgi guda ya rarraba wa kwastomominsa yana da bakin da zai ce wa mai ƙerawa cire mini wannan, ɓoye wancan, sa mini nawa a gaba, shi kuma ya bi don ba ya son rasa babban dila. Kai da ka kalli talla ka ga waya, wata ka gani wata aka miƙa maka.

Kada wani ya ce ƙorafi ne kawai irin nawa, abun nan ya daɗe, musamman a Amurka inda yawancin mutane a hannun kamfanin layi suke karɓar waya. Tun 2004 Verizon, ɗaya daga cikin kamfanonin layi na can, ta sayar da Motorola V710 an toshe mata tura fayil ta Bluetooth, ka ɗauki hoto amma fitar da shi sai ka bi ta hanyarsu ta kuɗi, har sai da masu wayar suka haɗu suka kai ƙara. A 2010 AT&T ta fito da Motorola Backflip, wayar Android ce amma an cire binciken Google an sa Yahoo, kuma ba ka isa ka sa manhaja daga wajen kasuwar Google ba. A shekarar dai Samsung Fascinate ta Verizon ta zo da binciken Bing a madadin na Google. Ƙarshen 2011 aka hana manhajar biyan kuɗi ta Google Wallet a Galaxy Nexus ta Verizon, a daidai lokacin da ita da AT&T da T-Mobile ke haɗa nasu tsarin biyan kuɗi mai suna Isis, ka ga ai ba sai an yi maka fassara ba. 2012 kuma AT&T ta ce kiran bidiyo na iPhone, wato FaceTime, da data sai wanda ke kan wani tsari nata na musamman, a shekarar ne kuma Verizon ta biya hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, dala miliyan 1.25 kan toshe manhajojin raba data. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Galaxy S20 ta Verizon a 2020, nan ba manhaja kaɗai aka taɓa ba har ƙarfen, RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin wayar, ya sauko daga giga 12 zuwa 8, ramin memori kuma babu, an sa mata wani nau'in 5G mai gudu wanda sai kana kusa da eriya yake kamawa, suna dai S20 yana nan daram. Wani lokacin ma ba cirewa suke ba ƙari suke, kamar alamar 5G E da AT&T ta liƙa wa wayoyi a 2019 alhali 4G ce, har kishiyarta Sprint ta maka ta kotu.

Mu dawo kan tawa. Abun da ya fi ci mini rai ba na ranar farko ba ne, na wata na biyar ne. Afdet ya shigo da dare, na tashi da safe na ga sababbin wasanni biyu sun sauka da kansu, manhajar da na kashe ta farfaɗo, saƙonnina kuma sun koma buɗewa a tasu. Wato ko bayan ka saya ka kai gida hannunsu yana ciki. Na kira su, wata baiwar Allah ta ɗauka, ladabi kam ba a magana, ta ce in kashe in kunna, na yi, ta ce in mayar da setin ɗin netwok yadda ya zo, na yi, daga ƙarshe ta ce ai wannan daga masu ƙera wayar ne. Na tuntuɓi masu ƙerawa suka ce wannan samfurin kamfanin layi ne su za ka tambaya. Haka aka yi ta buga ni kamar ƙwallo har na gaji na haƙura.

Ga kuma kulle. Har in gama biya wayar ba ta karɓar sim ɗin kowa sai nasu, ko eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, na wani kamfani na gwada sawa lokacin da na yi tafiya ta ƙi, dole na nemi wata tsohuwar waya na riƙe biyu. Wasu ƙasashen sun riga sun kashe wannan wasan, Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disamba 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disamba 2021. Amma ko an buɗe kullen, manhajar kamfanin tana nan, tambarinsu zai ci gaba da gaishe ka duk safiya.

Don adalci, akwai abun da na ji daɗi. Kira ta Wi-Fi yana aiki tun ranar farko ba tare da na taɓa komai ba, murya kuma tas take fita, shi abokin nawa sai da ya sha 'yar wahala kafin nasa ya daidaita. Wanda bai damu da tone-tonen setin ba, kira da WhatsApp da hoto kawai yake so, zai iya shekara bai lura da komai ba. Masu iPhone ma da sauƙi, Apple ba ta bari a cusa mata tarkace kuma afdet daga wajenta yake zuwa kai tsaye, duk da su ma kulle da hotsifot suna hannun kamfanin layi.

Mai shirin saye dan Allah ya duba lambar samfurin kafin ya biya, ba sunan da ke jikin kwali kaɗai ba. A wayoyin Samsung na Amurka misali, wadda lambarta ta ƙare da U ta kamfanin layi ce, mai U1 ita ce sakakkiya. Ka karɓi ta gwaji a hannu ka shiga setin ka ga ko za ka iya zaɓar 4G, ka tambayi yaushe za a buɗe kulle kuma su rubuta maka.

Makin da na ba su: wayar huɗu da rabi cikin biyar, abun da kamfanin layi ya yi mata biyu, shi ma don kiran Wi-Fi ɗin ne. Saura wata goma sha shida in gama biya, wasannin nan biyu kuma na sake goge su jiya, karo na uku ke nan.