Thundercat, Mach Z, XCR ko SRX: wane tsohon babur ɗin ƙanƙara za ka saya?

Babur ɗin ƙanƙara abin hawa ne mai inji da ke gudu a kan ƙanƙara, faffaɗan bel ɗin roba ne ke jan sa maimakon taya. A Minnesota ta Amurka da Kebek ta Kanada, da zarar tafkuna sun daskare sai tsofaffin baburan ƙanƙara na ƙarshen shekarun 1990 su cika kasuwar kayan hannu. Waɗanda ake rububi su ne masu silinda uku da salansa uku. Injinsu irin na tsofaffin baburan Yamaha da Suzuki masu hayaƙi ne da muka sani a gida, mai ƙona baƙin mai tare da fetur. Kamfanoni huɗu ne suka yi gasa a lokacin, kowanne da gwarzonsa.

Idan gudu kawai kake nema, Thundercat na Arctic Cat ne sarki. Ya fito a 1993 da inji mai cc 900, a 1998 aka ɗaga shi zuwa 1000, injin ƙirar Suzuki ne, mai ƙarfin doki wajen 170. A zamaninsa, a kan miƙaƙƙen tafki ba a kama shi. Amma nauyi gare shi, kuma yana shan mai ba kaɗan ba. Ka shiga da shi hanyar daji mai kwana-kwana, kafin yamma kafaɗunka za su gaya maka.

Mach Z na Ski-Doo, wanda aka riƙa haɗawa a garin Valcourt da ke Kebek, shi ne babban abokin hamayyarsa. Daga 1997 injinsa ƙirar kamfanin Rotax ya kai cc 800, kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu a Kanada. XCR 800 na Polaris, daga 1999 zuwa 2003, injin kamfanin Fuji ne a cikinsa. Masu shi ba sa son rabuwa da shi, don haka mai lafiya ba ya araha.

Ni dai SRX 700 na Yamaha zan nuna wa wanda yake son hawa, ba zaman gareji ba. An yi shi daga 1998 zuwa 2002. Ƙarfin dokinsa wajen 140 ne, ƙasa da na sauran a takarda, amma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da masu cc 800, kuma an san injinsa da juriya. Aibinsa biyu. Ƙasa-ƙasa yake, shokazobarsa ba ta da dogon wasa, saboda haka hanya mai gargada tana jijjiga ƙugu sosai. Sannan Yamaha ta sanar a 2023 cewa baburan ƙanƙara samfurin 2025 su ne na ƙarshe da za ta yi, wato nan gaba wasu kayan sai dai a nema wurin masu na kwance.

Duk wanda ka zaɓa, lafiyar wanda ke gabanka ta fi sunan kamfani muhimmanci. Waɗannan injuna sun haura shekara 20, kuma rabin kowace shekara a ajiye suke. Ajiyar ce ke kashe su: danshi ya shiga, boris ɗin karanshaf ya yi tsatsa, mai ya bushe a kafireta. Kafireta ɗaya cikin ukun ta toshe, silindarta ta rasa isasshen mai, fistin ya ƙone ana tsaka da gudu. Don haka ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa. Ka je da na'urar auna matsin iska, ka cire filogi ka auna silinda ukun. Idan ɗaya ta yi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, ka haƙura. Ka ɗaga bayan ka duba faffaɗan bel ɗin robar da ke jan sa, musamman inda aka kafa ƙusoshin kama ƙanƙara, domin nan yake fara yagewa, kuma sabo na iya cin wani babban kaso na kuɗin babur ɗin.

Abu ɗaya kuma: a 2003 Ski-Doo ta fitar da ƙirar REV, wadda ta matso da mahayi gaba ta sauƙaƙa masa miƙewa tsaye a kan gargada. Idan kana da ciwon baya ko gwiwa, ka gwada hawa irin wannan kafin ka biya kuɗin mai silinda uku.