Sharhi: sabon shaf na gaba da ba na asali ba, da abin da robarsa ta yi mini

Shaf biyu na gaba da ke jikin motata yanzu, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin gaba, ba na kamfanin da ya ƙera motar ba ne. Irin sababbin nan ne da wasu kamfanoni ke yi don maye gurbin na asali idan sun gaji. Na tuƙa su tsawon lokacin da ya isa in faɗi ra'ayina, kuma ga shi: ƙarfen ba laifi. Ya zauna daram ba tare da an yi masa wata dabara ba, haƙoransa sun shiga giyabos da cibiyar taya daidai, kuma ƙarar ƙas-ƙas da nake ji in na sha kwana ta ɗauke tun ranar da aka ɗaura shi. Inda aka yi ƙwauro shi ne robar da ke rufe kan shaf, da kilif ɗin da ke ɗaure ta, da giris ɗin da aka zuba ciki. Abin ya dame ni ƙwarai, domin rayuwar shaf gaba ɗaya a hannun waɗannan ukun take.

Kowane shaf kai biyu gare shi. Na waje, wanda ke wajen taya, yawanci irin wanda Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya ƙirƙiro ne a shekarun 1920: ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, kowace tana gudu a kwarminta, har kan ya iya lanƙwasawa wajen digiri 45 yana ci gaba da juyawa in an karya sitiyari. Na ciki, wanda ke wajen giyabos, galibi mai ƙafa uku ne, kowace ƙafa da boris ɗinta, kuma shi ke shiga yana fita yayin da taya ke hawa da sauka a kan hanya. Duka biyun ba sa jure ƙura, ba sa jure ruwa, ba sa jure bushewa. Robar ce kaɗai garkuwarsu. A gudun kilomita 100 a awa, tayar ƙaramar mota tana juyawa sama da sau 800 a minti ɗaya, kuma a kowane juyi sai ninkin robar ya matse ta gefe guda ya buɗe ta ɗaya gefen. Wanda ya yi wannan lissafi ba zai ƙara raina ta ba.

Matsalar farko ta hagu ta fito, bayan 'yan makonni. Ba ƙara, ba wani sabon abu a tuƙi. Wurin wanke taya ne na hango wasu baƙaƙen ɗigo a cikin rim, sun jeru a zagaye kamar an tsoma tsintsiya a laka an yarfa. Da na karya sitiyari har ƙarshe na haska fitila, sai ga shi a jikin shokozoba da bayan birki, duk a layi ɗaya da babban bakin robar waje. Na shafa da yatsa: mai kauri, ruwan toka mai duhu, yana kama hannu. Giris ne.

A nan ne mutane da yawa ke gaggawar cewa roba ta yage, a je a sake shaf. Ni na ga gara a fara sanin ta ina abin ke fitowa. Mun ɗaga motar, muka goge robar da duk abin da ke kusa da ita fes, sannan muka juya taya a hankali muna buɗe ninki ɗaya bayan ɗaya. Babu tsaga ko ɗaya. Sai makaniken ya kama babban bakin robar da hannu ya murɗa, ta kuwa juya a kan ƙarfen ba gardama. Ya ce, "Yallaɓai, ga ɓarawon nan. Ba su matse kilif ba." Kilif ɗin irin siririn ƙarfen nan ne da ake ja a naɗe bakinsa, ya yi sako-sako har farce na iya shiga ƙarƙashinsa. Idan shaf na gudu, ƙarfin juyawa yana tura giris zuwa wurin da ya fi faɗi, wato daidai wannan bakin, don haka ƙaramar kafa ta ishe shi fita.

Kafin a ɗora wa roba laifi, akwai abu guda da ya kamata a kawar. In jiƙar a wajen giyabos take, a taɓa a gani. Giris yana da kauri kuma yana fantsama a zagaye. Man giya tsinkakke ne, yana gangarowa yana ɗiga ƙasa, kuma a motoci masu canza giya da kansu sau da yawa ja ne. In shi ne, to oyel sil ɗin da shaf ke shiga ta cikinsa, wato zoben robar da ke hana man giya zuba, shi ne ya samu rauni wurin ɗaurawa, ba ruwan roba. Haka kuma sabon shaf kan zo da ɗan ragowar giris a bayan roba tun daga masana'anta. A goge, a yi tafiya, a sake dubawa. In bai dawo ba, shi ke nan.

Gyaran hagu bai ɗauki lokaci ba, amma a yi shi da kayan da ya dace. Mun cire tsohon kilif, muka ƙara giris a madadin wanda ya zube, muka goge kwarmin da bakin robar ke zama har ya bushe, domin in akwai maiƙo a wurin robar za ta riƙa zamewa. Sai muka sa kilif mai kunne, irin wanda kamfanin Oetiker na Suwizalan ya yi suna da shi, muka matse kunnen da filayarsa ta musamman wadda ke matsewa ta gefe biyu tana danne saman kunnen a lokaci guda. Da filayar yanke waya ma ana yi, sai dai kunnen kan tashi sama ya yi tsini, wani lokaci ya riƙa taɓa ƙarfen da ke riƙe taya. Ina roƙon duk mai mota kada ya yarda a ɗaure masa wannan wuri da igiyar roba ta ɗaure waya, ko da wayar ƙarfe, ko da kilif ɗin tiyo mai sukuru. Igiyar roba ba ta da ƙarfin matsewa kuma zafi na sassauta ta, waya tana yanka robar, shi kuma mai sukuru kansa ya yi girma ga wurin da ba shi da fili. Tun da aka sa mai kunnen, rim ɗin hagu bai ƙara ganin ɗigo ba.

Ta dama ta fi ba ni haushi, domin ita robar ce da kanta ta gaza. Bayan wasu watanni na fara jin ƙaurin abu yana ƙonewa in na tsaya bayan doguwar tafiya. Robar ciki ce, wadda a motata take kusa da bututun salansa. Giris na fantsama a kan bututun yana ƙonewa. Da muka duba, abu biyu muka gani. Na farko, robar ta lotsa ciki ta gefe ɗaya, ninki biyu sun manne suna gogar juna har wurin ya yi sheƙi ya yi siriri, a nan ne ta huje. Na biyu, a gindin sauran ninkin duk ƙananan tsagogi ne birjik, irin waɗanda ake gani a robar da ta shekara da shekaru, alhali wannan ba ta daɗe ba.

Lotsawar tana da dalili. Kan ciki yana shiga yana fita, don haka iskar da ke cikin robar tana da muhimmanci. In an ɗaure kilif a masana'anta lokacin da kan yake a tsuke, da an ɗaura shaf a mota ya miƙe zuwa tsawonsa na aiki sai robar ta tsotse ciki. In kuma an ɗaure shi yana a miƙe sosai, sai ta kumbura. Maganin shi ne a daidaita iskar kafin a matse kilif na ƙarshe: a kai kan zuwa tsawon da zai zauna in mota na tsaye a ƙasa, a zura wani abu mai dakusasshen baki ƙarƙashin leɓen robar don iska ta shiga ko ta fita, a ga ninkin sun koma siffarsu, sannan a matse. A kuma tabbata ƙaramin bakin yana cikin kwarminsa a jikin sandar, kuma robar ba ta murɗe ba. Masu ɗaga motarsu sama da tsayinta na asali su fi kowa kula da wannan, domin shaf ɗinsu kullum a karkace yake aiki, ninkin na cin juna ko da komai daidai yake.

Tsagogin kuwa daga ingancin robar ne. Akwai mai laushi, wadda ake yi da niyofirin, akwai mai tauri irin Hytrel da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, wadda motoci da yawa ke fitowa da ita a kan waje saboda tana jure goga da tsufa, sai dai tana buƙatar matsi mai ƙarfi kafin ta kama. Akwai kuma ta silikon, mai jure zafi amma mai saurin yagewa in wani abu ya soke ta. Niyofirin mai kyau yana shekaru yana aiki. Wanda aka haɗa da araha, zafi da iskar ozon suna busar da shi da wuri. Da na riƙe wadda muka cire a hannu ɗaya, sabuwar da na saya daban a ɗaya hannun, bambancin a bayyane yake: tsohuwar siririya ce, in ka lanƙwasa ta sai tsagogin su buɗe baki, sabuwar kuwa mai kauri ce tana komawa yadda take nan take. Mun kuma duba farantin da ke kare zafin salansa, yana nan lafiya, don haka ba daga motar ba ne.

Da muka buɗe kan, giris ɗin ciki kaɗan ne kuma ya tsinke. Na murza shi tsakanin yatsu biyu ban ji yashi ba, boris ɗin uku suna juyawa sumul, shi ya sa muka wanke, muka zuba sabo, muka rufe da sabuwar roba. Wannan gwajin na yatsu shi ne ke raba gardama. In ka ji ƙurji-ƙurji, ko giris ya koma ruwan ƙasa saboda ruwa ya shiga, ko kan waje ya riga ya fara ƙara a kwana, sabuwar roba ba za ta dawo da ƙarfen da ya cinye ba. A lura kuma giris ɗin ba ɗaya ba ne. Kan waje yana son baƙin nan mai sinadarin molibdenum, shi kuma mai ƙafa uku sau da yawa nasa daban ne, mai ɗan laushi, don ya ratsa ƙananan alluran boris. A zuba iya abin da ya zo a cikin kwalin robar. In ya yi yawa, shi ma yana kumbura ta ya nemi hanyar fita.

Robar nan mai tsaga a gefe, wadda ake mannewa da gam ba tare da an cire shaf ba, ban ba ta amana ba sai dai don a kai mota gareji.

Ko zan sake sayen irin wannan shaf? In na asali ya mutu, zan saya, amma ba zan bari a ɗaura shi daga kwali kai tsaye ba. Zan murɗa bakin kowace roba in ga ko tana juyawa, in duba ninkin, in gwada tsawonsa da tsohon, kuma in tsohon yana da zoben haƙora na birkin ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki, a ƙirga haƙoran su zo ɗaya. Wanda kuwa shaf ɗinsa na asali bai fara ƙara ba, robarsa ce kawai ta tsage, shawarata ya bar kayansa ya sake roba, domin kamfanoni irin GKN da NTN da ke yi wa masu ƙera motoci shaf suna aiki da ƙarfe da awo da ba kowane madadi ke kaiwa ba.

Akwai abu ɗaya da gyaran roba bai taɓa ba. In na taka totur da ƙarfi a hawa, ina jin 'yar girgiza a ƙasan mota, da na ɗaga ƙafa sai ta ɗauke. Wannan alamar kan ciki ce, kuma tana nan tun ranar da aka ɗaura shaf ɗin, kafin robar dama ta huje. Tsohon shaf ɗina na dama yana da wani dunƙulen roba mai nauyi a tsakiyar sandarsa don kashe girgiza, sabon bai zo da shi ba. Girgizar ba ta ƙaru ba zuwa yanzu, amma ina sa mata ido duk lokacin da aka ɗaga motar don juyen mai.